Ɗora Tukunya Ba Madafa: Darasin Da Ambaliyar Alau Ta Bari A Galtimari

Da tsakar daren Litinin, 9 ga watan Satumba na shekarar 2024, wayewar garin Talata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya biyo kogin Ngadda ya auka wa birnin Maiduguri jama'a suna barci. Unguwar Galtimari, wadda ke kudancin birnin a cikin ƙasar Ƙaramar Hukumar Jere, tana daga cikin unguwannin da ruwan ya ci, tare da Fori da Gwange da Bulabulin da wasu da dama. Gwamnan Jihar Barno, Farfesa Babagana Umara Zulum, ya bayyana cewa masifar ta shafi mutum fiye da miliyan 1, hukumomin agaji kuma suka ce fiye da mutum 400,000 sun bar gidajensu. Rabon da Maiduguri ta ga irin wannan ruwa tun shekarar 1994.

Jaridu da gidajen rediyo sun ba da labarin manyan wuraren da ruwan ya shiga, irin su fadar Mai Martaba Shehun Barno, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da babbar kasuwar Monday Market, da gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Amma akwai wani ɗan ɗaki da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, alhali kuwa a gidaje da yawa shi ya fara faɗuwa, kuma shi akan bari ƙarshe wajen gyara. Wannan ɗaki shi ne madafa, wadda 'yan birni ke kira kicin.

Maigidan da ya komo ya tarar da gidansa a rushe yakan fara da ɗakin kwana, sa'an nan katanga saboda sutura, sa'an nan bayan gida. Madafa kuwa sai a ce ta jira, tun da ana iya jera duwatsu uku a tsakar gida a ɗora tukunya. A ido wannan shawara ta yi daidai. Amma in aka zauna aka yi lissafi, sai a ga duk ranar da gida ya kwana ba madafa akwai kuɗin da ke zurarewa daga cefane ba tare da kowa ya lura ba, kuma rabon mata da ƙananan yara ne ke raguwa a akushi.

DALILIN DA MADAFA KE FARA FAƊUWA

A yawancin gidajen talakawa na Maiduguri, kamar dai sauran garuruwan Arewa, ba a haɗa madafa da ɗakunan kwana. Akan keɓe ta a wata kusurwa ta tsakar gida saboda hayaƙi, kuma galibi da ragowar kayan gini ake yin ta, watau tubalin ƙasa ko bulo marar wadataccen siminti, da tsohon kwano a bisa. Harsashinta ba shi da zurfi, daɓenta kuma daidai yake da ƙasar tsakar gida. Ginin da aka yi haka ba ya jure kwanaki a cikin ruwa. Da zarar gindin bango ya jiƙe sai ya zauna, rufin ya biyo shi.

Abin da ya ƙara nauyin asarar shi ne, madafa ita ce ma'ajiyar gida. Nan buhun gero ko na masara yake, a ƙasa ko a bisa bulo biyu. Nan garin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da barkono suke, nan kuma itace da gawayi da tukwane da turmi. Ruwan da ya zo cikin dare bai ba kowa damar ɗaukar buhu ba, kowa ta ransa da ta 'ya'yansa yake yi. Da ruwan ya janye, jama'a suka baro sansanonin da aka tsugunar da su, har da na Bakassi wanda aka sake buɗewa saboda ambaliyar, sai suka iske hatsi ya tsira ko ya ruɓe, gari ya zama taɓo, tukwanen da ruwa bai tafi da su ba sun cika da laka.

Lokacin ma bai zo da sauƙi ba. Watan Satumba wutsiyar damina ne, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai shigo kasuwa ba. Ruwan da ya ratsa birni kuma bai tsaya ba sai da ya malale fadamar Jere, inda ake noman shinkafa, ya kwantar da amfanin gona gab da girbi. Gadar Fori ta lalace, zuwa kasuwa daga wannan shiyya ya zama sai an yi zagaye. Da yake kuma an hana hawan babur a Maiduguri tun shekarar 2011, galibi Keke ake hawa, ga shi kuwa litar man fetur ta haura Naira 1,000 a watan Oktoba na 2024.

ALJIHU ƊAYA, BUKATA BIYU

Tun kafin ruwa ya zo, shekarar 2024 ta riga ta gasa wa magidanta aya a hannu. Bayan janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar Naira, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin kayan abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari a watan Yuni na 2024, a watan Satumba kuma tana kan kashi 37.77. Wake, wanda aka sani da naman talaka, shi ya fi ba da tsoro, domin bisa lissafin hukumar kilo ɗaya ya tashi daga wajen Naira 700 a Satumbar 2023 zuwa wajen Naira 2,700 a Satumbar 2024.

To, mai karatu ya auna wannan da abin da ke shiga aljihu. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar albashi mafi ƙanƙanta na Naira 70,000. In aka raba wannan kuɗi gida 30, kowace rana ta tashi da Naira 2,333. Gidan da ke da baki 8, kowane mutum bai sami Naira 300 ba a yini, kuma wannan in an ɗauka babu kuɗin haya, babu na makaranta, babu na magani. Watau a Satumbar 2024 albashin yini guda bai isa sayen kilon wake ba. Wannan fa ma'aikaci ke nan mai jiran ƙarshen wata. Lebura da ɗan tireda da mai tura kura, waɗanda sai sun fita suke samu, nasu halin ya fi haka tsanani.

A cikin wannan aljihu ne kuma za a ciro kuɗin gini. A watan Fabrairu na 2024 Ministan Ayyuka, David Umahi, ya zauna da masu kamfanonin siminti aka daidaita a kan Naira 7,000 zuwa 8,000 kowane buhu. Ko da a ce an sami siminti a wannan farashi, buhu ɗaya ya cinye albashin kwana 3 cur, ba a yi maganar bulo da yashi da katako da ƙusa da ladan magini ba. Saboda haka duk buhun simintin da ya shigo gida, tukunya ce ta yi masa hanya. Wannan shi ya sa magidanta ke ɗage gyaran madafa, kuma ba a ga laifinsu ba. Sai dai ɗagewar ita ma da nata farashin.

INDA KUƊIN KE ZURAREWA

Kafa ta farko ita ce ta wuta. Murhu mai duwatsu uku, ko a cikin ɗaki yake, kaɗan ne daga zafinsa ke shiga tukunya, masana sun kiyasta abin da bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba. In aka fito da shi fili kuwa, iska ta riƙa kaɗa harshen wuta gefe, sai a ƙone itacen girki biyu a girki ɗaya. Ambaliyar ta zo a Satumba, kafin mutane su farfaɗo hunturu ya kama, watau lokacin da iska ta fi ƙarfi. Itace kuma a Maiduguri ba abin wasa ba ne. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009 shiga daji ya zama kasada, an kashe masu yin itace da yawa an kuma sace wasu, don haka duk ɗaurin da ya iso gari da kuɗin haɗarinsa yake zuwa. Gas ma bai zama mafita ba, domin cika tukunya mai kilo 12.5 ya haura Naira 16,000 a ƙarshen 2024, kananzir kuwa ya daɗe da fin ƙarfin mai risho.

Kafa ta biyu ita ce ta awo. Gidan da ba shi da wurin ajiya mai ƙofa da rufi ba ya iya sayen buhu ko rabin buhu, ko da kuɗin ya samu, don ɓera da kaji da raɓa da ɓarawo duk suna jira. Tilas a koma awon kullum, yau mudu ɗaya, gobe gwangwani uku, man gyaɗa a ƙulle a leda, gawayi ma a leda. Kowa ya san mai saye kaɗan-kaɗan shi ya fi kowa biya da tsada, domin kowane hannu da kayan suka bi sai ya ɗora ribarsa. Bugu da ƙari, lokacin kaka da hatsi ke araha, wanda ba shi da ma'aji sai dai ya yi kallo, ya dawo ya saya da tsada in bazara ta yi.

Kafa ta uku ita ce ta ranakun da ba a iya hura wuta sam. Hadari ya taso, ko guguwa ta tashi da ƙura, ko magina sun cika tsakar gida da yashi da kwaɓin siminti, sai a ba yara kuɗi su sayo ƙosai ko biredi ko taliyar leda. Abin da aka kashe a wannan cin guda, wanda ba ya riƙe ciki, da ya isa tuwon gida duka.

MURHUN WUCIN GADI

Tun da yake ba kowa ke da halin tada gini nan da nan ba, abu na farko da mata masu dabara kan yi shi ne gyara wurin girkin wucin gadi ya zama ya yi kama da ɗaki. Akan zaɓi jikin bangon da ya tsira, ta ɓangaren da zai tare iskar hunturu mai zuwa daga arewa maso gabas, a kafa sanduna huɗu, a ɗora tsohon kwanon da aka ciro daga ɓaraguzai. Tampol da leda ba su dace da saman wuta ba, sai dai a yi amfani da su can gefe wajen rufe kaya. Sa'an nan a kewaye murhun da fasassun bulo ko langa-langa ta fuska uku, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace.

Wanda ya ƙara da laka ya fi samun sauƙi. In aka kwaɓa yumɓu da ɗan yashi da ƙaiƙayi aka gina murhu daidai gindin tukunya, zafin ba ya watsewa, kuma ƙananan ƙirare ma sun isa girki. Wannan ba baƙon abu ba ne a Barno, domin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa wuraren ƙera irin waɗannan murahu masu tanadin itace a Maiduguri da Jere da Konduga tun kafin ambaliyar, ta kuma koya wa mutanen wurin sana'ar. Inda ake aikin kafinta kuwa, garin katakon da ke zuba ba shara ba ne. Da shi ake cika murhun nan da aka laƙaba wa sunan Abacha a shekarun 1990, lokacin da kananzir ya yi wuya.

Akwai kuma ƙananan dabaru waɗanda in aka haɗa su suke zama babban tanadi. A jiƙa wake tun da dare, da safe ba zai ɗauki wuta mai yawa ba, musamman in an sa 'yar kanwa. A rufe tukunya da murfin da ya zauna daram. A gama yanka da daka da tankaɗe kafin a hura wuta, kada itace ya yi ta ci ana neman wuƙa. In shinkafa ta tafasa sosai na 'yan mintoci, ana iya sauke ta da murfinta a naɗe da tsohon bargo a cusa cikin kwando, zafin da ke jikinta zai ƙarasa dahuwar. Ragowar garwashi kuma a ɗora ruwan sha a kai, ko a kashe shi da yashi a adana don gobe.

ABIN DA KE SHIGA TUKUNYA

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Gidan da ke da murhu ɗaya da kuɗi ƙalilan dole ya sake tsarin girkinsa, kuma a nan ne abincin gargajiya ya nuna fifikonsa. Shinkafa ta fi gero da dawa da masara tsada a mudu, ga shi kuma tana son miya mai tumatir da mai. Gero kuwa abincin ƙasar ne tun kaka da kakanni. Da shi Barebari ke yin burabusko, wanda Hausawa ma suka ɗauka, da shi ake tuwo, da shi ake kunu. Mudu ɗaya na gero, in aka surfa aka ɓarza, tsakin ya yi burabusko ko fate, garin ya yi kunun safe, dusar kuma a ba akuya ko a sayar.

Tuwo da miya girki biyu ne, ko dai wuta biyu ko kuwa dogon lokaci a wuta ɗaya. Don haka akan bar shi ya zama na dare, a tuƙa da yawa yadda zai kai ɗumamen safe. Da rana kuwa sai a koma ga abincin tukunya ɗaya. Faten tsaki da yakuwa ko rama yana ƙosar da gida da hatsi kaɗan, saboda ruwa da ganye sun ƙara masa auki. Dambun masara da zogale shi ma haka. Garau-garau ba ya bukatar miya, mai da yaji sun wadatar. Ɗanwake kuwa ya fi su duka saurin dahuwa, domin waken da aka niƙa aka haɗa da garin rogo da kuka ba ya daɗewa a ruwan zafi, alhali ƙwayar wake sai ta ci itace kafin ta yi laushi. Ta wannan hanya ɗan wake kaɗan yakan ratsa cikin kowa a gidan.

Wajen miya, busassun kaya su ne rufin asirin wanda ba shi da firiji. Kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi ba sa lalacewa in an tsare su daga laima, kuma ba sa neman tumatir. Daddawa da barkono da albasa ɗaya sun isa su tada tukunya. Maiduguri kuma tana da wata baiwa da garuruwa da yawa ba su da ita, watau bandar kifin Tafkin Chadi da ake saukewa a kasuwar kifi ta hanyar Baga. Ba sai an sayi manya ba. Gutsattsarin banda, in aka wanke aka daka aka zuba a miya, yana ba da ɗanɗano da amfanin jiki a kuɗin da bai kai na nama ba. Haka nan ƙuli-ƙuli, a daka shi a kwaɗon zogale ko na rama, da awarar waken suya ga yara. Tumatir da tattasai kuwa a jira su sai rani, lokacin da kayan lambu ke cika kasuwa, a saya a yanka a shanya.

Wajen rabo ma akwai abin lura. A al'ada akan fara zuba wa maigida, uwargida kuma ita ce ta ƙarshe, wani lokaci ƙanzo kaɗai take samu. A lokacin ƙunci wannan tsari yana da haɗari. Babba yana iya jure cin sau biyu a yini, amma yaron da bai kai shekara 5 ba cikinsa ƙarami ne, yana bukatar ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, mai ciki da mai shayarwa kuma suna ci ne don mutum biyu. Kunun gero da aka dama da gyaɗa, a ajiye a kula, yana iya tsare yaro daga tamowa. Kuɗin jinyar yaro guda ya fi kuɗin buhunan siminti da yawa.

HAƊARIN DA KE TATTARE DA GIRKIN FILI

Ran 4 ga watan Oktoba na 2024 Kwamishinan Lafiya na Jihar Barno, Farfesa Baba Mallam Gana, ya ba da sanarwar ɓarkewar cutar kwalara, da mutum fiye da 400 da ake zaton sun kamu, kuma Jere tana cikin ƙananan hukumomin da abin ya shafa. Dalilin a fili yake. Ruwan ambaliya ya haɗa masai da rijiyoyi da magudanai ya cakuɗa. Gidan da ke girki a ƙasa, kusa da inda ruwa ya kwanta, shi ya fi kusa da cutar. Ruwan sha, ko daga 'yan ga-ruwa aka saya, lalle ne a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa masa maganin tsarkake ruwa. Kwanuka a kife su a bisa tebur ko benci. Ɗumame kuma a tabbata ya yi zafi har cikinsa, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafin Maiduguri ke haura digiri 40.

Hatsin da ruwa ya taɓa ya yi funfuna, komai ƙuncin da ake ciki, bai kamata a ci ba. Funfunar masara da gyaɗa tana haifar da guba mai lahani ga hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Haka nan in sanyi ya tsananta ko ruwa ya sauko, akwai masu shigar da kurfoti cikin ɗakin kwana su rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa barci, mutum ya wuce bai farka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga hayaƙin girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Ga kuma ƙuna, domin murhun tsakar gida a hanyar wasan yara yake, tukunyar da ke kan duwatsu kuwa ba ta da wuyar kifewa.

TADA MADAFA MATAKI-MATAKI

Kuskuren da akan yi shi ne a ce sai kuɗin ginin duka ya taru kafin a fara. Madafa ana iya yin ta daki-daki, kuma kowane mataki yana mayar da wani abu cikin cefane. Na farko shi ne rufi a kan ginshiƙai masu ƙarfi, don girki ya daina tsayawa saboda hadari. Na biyu shi ne cikon ƙasa, a ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu, ɓaraguzan tsohon ginin ma sun isa wannan aiki ba sai an sayi ƙasa ba. Na uku shi ne wurin ajiya mai makulli, ko da tsohuwar durom ce mai murfi a bisa dakali, domin daga ranar da aka same shi gida ya fita daga awon kullum. Bango shi ne na ƙarshe, a fara da layukan ƙasa da bulo mai wadataccen siminti ko jan bulo, saura a ƙarasa sannu a hankali, a kuma bar taga sama don hayaƙi. Filasta da fenti suna iya jiran baɗi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maƙwabta uku ko huɗu in suka haɗa kuɗi suka sayi buhu guda suka raba, kowa ya sami farashin sari, kuɗin Keke ma ya zama ɗaya. Gidan da madafarsa ta tsira yakan ba maƙwabta aron wuta da wurin ajiya, mata su yi girki bi da bi. Adashin mata, wanda aka saba kashewa a kayan ɗaki da biki, yana iya zama kuɗin kwano da katako. Samarin unguwa kuma in aka yi gayya, aikin lebura na mako sai ya ƙare a yini. Sharaɗi ɗaya dai shi ne maigida da uwargida su zauna su ware kuɗin abinci na wata tukuna, abin da ya saura shi ne na gini. Ita ta san abin da mudu ke yi a gidan, shi ya san farashin bulo, kuma lissafin ba ya fita sai an haɗa sanin biyu.

KIRA GA HUKUMA

Gwamnatin Jihar Barno ta kafa kwamitin rabon tallafi bayan ambaliyar, attajirai da jihohi da ƙungiyoyi kuma sun ba da gudummawa. A farkon shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 80 don sake gina madatsar Alau, wadda aka kammala ginin ta na farko a 1986. A cikin 2025 ɗin kuma farashin hatsi ya sauka daga inda ya kai a 2024. Duk waɗannan abin godiya ne. Amma saukar farashi ba ta tada bangon da ya faɗi, kuma Maiduguri ba ta rabu da damina ba.

Ya kamata masu ƙidayar ɓarna, duk lokacin da irin wannan ta faru, su riƙa rubuta madafa da ma'ajiyar hatsi a matsayin asara mai zaman kanta, su kuma tambayi matan gida, domin su suka san abin da ya salwanta. Buhun shinkafar agaji ba ya dafa kansa. In aka haɗa shi da tukunya da murhu mai tanadin itace da 'yan fallayen kwano, amfaninsa zai ninka. Ƙaramar Hukumar Jere da masu unguwanni kuma suna iya jawo hankalin magina a kan ɗaga daɓe da ƙarfafa gindin bango a unguwannin da ke gaɓar Ngadda, tun da rigakafi ya fi magani.

Ga magidanta kuwa, na Galtimari da na sauran garuruwan da ruwa ko gobara ko tsufan gini ya raba su da madafa, abin da lissafi ya nuna shi ne kada a bar ta ƙarshe. Ɗakin da ake dafa abinci a ajiye hatsi yana mayar da kuɗin gininsa ta hanyar itacen da bai ƙone a banza ba, da buhun da aka saya lokacin kaka, da yaron da bai kwanta asibiti ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan ambaliya, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, ya kuma kiyaye gaba, amin.